Shi Ko Ita

Litinin, da yamma

Mun dawo daga asibiti. Ba zan rubuta yadda na same shi ba. Abin da ya faɗa kawai zan rubuta, domin tun a mota yake min yawo a kai.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Sai-an-zauna a bayan idonsa, shi ne ya kasa haƙuri. Ya sunkuya dab da kunnen Malam ya ce, "Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Littafin nan fa masu bugawa suna jira, saura babi na ƙarshe. Wa zai ƙarasa?" Inna, matar Malam, ta galla masa harara, amma ya riga ya tambaya. Malam ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Ya dube ni, ya dubi Auta, sannan ya ce, "Shi... ko ita."

Shi ko ita. Ni da na fara riƙe masa jaka tun ana goya ta a baya, yau an ɗora mu a sikeli ɗaya. Ni ne ɗalibinsa na farko a ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, da bakinsa ya sa min suna Na-fari. Ita ce ta ƙarshe, shi ya sa yake ce mata Auta, kuma tawadar digirinta ko bushewa ba ta gama yi ba. Sai-an-zauna ya miƙe ya gyara tabarau ya ce, "To, tunda Malam ya bar mana zaɓi, sai an zauna."

A nan ne ta dube ni ta yi murmushi. A gaban gadon mara lafiya. Wanda ya san ya riga ya ci ne yake irin wannan murmushin.

A bakin ƙofa ta ce, "Yaya, Allah Ya ba mu iko." Na ce amin, na wuce.

Talata, da hantsi

Na leƙa ajin 'yan shekarar farko. Ba wanda ya goge allon. Malam bai taɓa yarda wani ya karɓar masa wannan ajin ba, cewa yake tushe ba a ba ɗan koyo. Ni iyakata in yi wa ɗaliban bita in duba takardunsu. Ya gama jadawalin "da", ya gama na "ba", ya rubuta "ko" a sama zai fara na uku. Daga gindin harafin ƙarshe allin ya ja layi ya gangara har ƙasan allo. Na tsaya ina kallon layin nan har ƙafata ta yi tsami.

Ita ce ta tare shi kafin ya kai ƙasa. Kowa a sashe sai ya faɗa min, kamar ban ji ba. Wai ta shigo kawo masa tabaransa da ya manta. Ni ina ina? Ina taron raba ɗakunan jarrabawa, ina gardama a kan kujeru. Ko wannan ma ita ta samu.

Laraba, da azahar

Ban je ba yau. Aiki ya yi yawa.

Alhamis, bayan magariba

Wani ɗan jarida ya zo neman tarihin Malam, aka tura shi ofishinta. Ofishinta! Me ta sani? A littafi ta karanta Malam. Ni a kwano ɗaya na ci abinci da shi.

Ta san cewa ɗan mai gyaran agogo ne? Ta san malamin firamare ne shi, da kansa ya koyi manyan lissafi daga tsofaffin littattafan da aka jibge za a ƙone a bayan laburare? Lokacin da ya ce zai rubuta manɗiƙi da harshenmu, manya suka yi masa dariya. Wani ya ce masa ido da ido, harshen nan na ciniki ne da gulma, ba zai ɗauki hujja ba. Malam ya koma gida ya ɗauko ƙananan kalmomin da ko yaro yana faɗa, da, ko, ba, in, ya ɗaure kowace da ma'ana ɗaya tak, ya gina lissafi guda a kansu. Ina nan lokacin. Ni na riƙa juya masa takardu a na'urar kwafi mai hannu, har yanzu akwai tabo a babban yatsana.

Kuma abin bai tsaya a aji ba, har gida ya bi shi. Ranar da na fara zuwa gidansa, Inna ta leƙo ta ce, "Malam, shayi ko kofi?" Ya ce, "E." Ta ce, "E me?" Ya ce, "Kin tambaya, na amsa." Ta yi tsaki ta koma, can sai ga ta da kofuna biyu, ta dire a gabansa. Ya shanye duka, yana ta murmushi. Tun daga ranar haka take kawo masa, ta ce ta gaji da auren allo.

Auta ba ta san wannan labarin ba. Da ɗan jaridar ya zo wurina da ya samu abin rubutawa.

Asabar, da safe

Maman yara ta ajiye min karin kumallo ta tsaya a kaina.

"Baban yara, yau ma ba za ka je asibiti ba?"

Na ce ina da aiki.

"Aikin me ranar Asabar? Kai dai faɗi gaskiya, kishi kake da yarinyar nan."

Ni? Kishi? Na ce mata ta auna maganarta. Ta ce ta auna, nauyinta ke nan. Wai tun ranar Litinin fuskata take a murtuke, ko kyanwar gidan nan ta daina shiga falo. Ta ce da furfurata da komai, in ji kunya. Na ce ba kishi ba ne, maganar cancanta ce. Ta ce, "To, Allah Ya ba cancanta haƙuri," ta kwashe kwanuka.

Ba kishi ba ne. Abin da ciwo ne kawai. Mutum ya yi maka bauta tun yana saurayi, ranar da za ka miƙa alli sai ka ce shi ko ita, kamar ana zaɓen wanda zai kulle taga.

Litinin, da la'asar

Na fara babin. Ba zan jira a zauna ba, domin in Sai-an-zauna ya ce sai an zauna, to kujerun ma ba a sassaƙa ba tukuna. Zan gama in ajiye a gabansu, mu ga wanda zai buɗe baki.

Babin ƙa'ida ɗaya ce, wadda Malam ya kwashe rabin rayuwarsa yana bi: duk abin da dokokinsa suka tabbatar gaskiya ne, kuma duk abin da yake gaskiya dokokinsa za su iya tabbatar da shi. Hanya biyu ke nan. Malam yana kiran ta farko zuwa, ta biyu dawowa. Zuwa a tafin hannuna take, tare muka share ta da shi. Dawowa kuwa a 'yan shekarun nan ya taso ta, lokacin da aka lafta min aikin ofis, shi kuma ya koma rufe ƙofa da Auta. Ina wucewa ina jin dariyarsu.

Ba komai. Abin da ta iya zan iya.

Laraba, da hantsi

Ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Ta shigo da hannu duk alli, har a goshinta.

"Yaya, yaushe za mu zauna? Kai ke da zuwa, ni ke da dawowa."

Ka ji wayo. In zuba mata rabina a faranti, ta haɗa da nata, ta kai wa kwamiti. Na ce, "Kowa ya yi nasa."

Ta tsaya tana kallona. "Nasa kamar yaya?"

Na ce ina da darasi. Ba ni da darasi. Ta juya za ta fita, sai ta ce, "Yana tambayarka fa."

Yana tambayata. Mutumin da kalma uku ta ɗauke shi tsawon lokaci, ita ce yanzu mai fassara shi. Malam ne ya hana ta kira ni Farfesa tun farko, ya ce 'yan ɗaki ɗaya ba sa kiran juna da muƙami. A da ina jin daɗin Yayan nan. Yanzu duk sanda ta faɗa sai in ji kamar tana tuna min shekaruna.

Alhamis, da yamma

Dawowa ta ƙi. Na yage shafi shida.

Juma'a, bayan la'asar

Na je. Na sayi lemo da ayaba, na hau bene, na bi doguwar barandar nan mai warin magani har ƙofar ɗakin. Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar. Tana zaune a kujerar da ke kusa da kansa, tana karanta masa wani abu, hannunsa mai motsi yana kan hannun kujerarta. Inna tana gefe tana ninke kaya. Ka ce uba da 'yarsa.

Kujera ɗaya ce a gefen gadon. Da na shiga da ta tashi ta ba ni, na sani, kuma wannan ne ba zan iya jurewa ba, a ce ita ke ba ni wuri a gefen Malam. Na ba wata nas ledar na ce ta kai ɗaki na ƙarshe. Ta ce in ji wa? Na ce za su gane.

Asabar, da azahar

Ban je ba.

Litinin, da safe

Inna ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Na-fari, me muka yi maka?"

Na ce ba komai, Inna, aikin Malam ɗin nake yi.

"Aikin Malam yana kwance a gado. Ledarka ta iso, ita za ta gaishe shi?"

Ta ce maganar Malam ta ƙara ja baya, yanzu da hannu yake yi. Duk sanda Auta ta ambaci littafin sai ya ɗaga yatsu biyu. Ta tambaye ni ko na san abin da yake nufi, tunda ni na fi kowa daɗewa da shi.

Na sani mana. Shi na farko, ita ta biyu. Ya ɗaga biyu. Ya yi zaɓinsa, ba ma sai an zauna ba. Na ce wa Inna ban sani ba, zan shigo cikin satin nan. Na ajiye wayar. Na kulle ofis na zauna har aka gama darussan safe.

Me ta fi ni? Tambayar ke nan da nake ta yi. Kaifin kai? Wataƙila. Na yarda tana ganin abu kafin in gani, tun tana aji na lura, ni na kai sunanta wurin Malam ma. Ni na kai ta. Da na san haka za ta zama, da ban sani ba ko zan kai.

Laraba, da la'asar

Na wuce ta ofishinta, ƙofa a buɗe, ba ta nan. Ban shiga ba. Daga bakin ƙofa dai ido yana gani.

Ta raba allonta biyu da dogon layi. Ɓangaren dama cike yake dam da rubutunta ƙanana, dawowa tun daga sama har ƙasa. Na kau da kai da sauri, ba zan yarda a ce na sata ba. Amma ɓangaren hagu fa? Ta rubuta "zuwa" a sama, ta ja masa layi, ƙarƙashinsa fayau, ko ɗigo babu.

Ashe ita ma ta maƙale! Wallahi rabona da jin daɗi irin na yau tun kafin ranar nan. Na dawo gida har da siyo wa Maman yara turare. Ta shinshina ta ce, "Wa ya faɗi?"

Alhamis, da yamma

Ta sake ƙwanƙwasawa. Na yi shiru har ta tafi. Ina ganin inuwar ƙafarta ta ƙarƙashin ƙofa, ta daɗe.

Dawowa ta ƙi. Akwai wani mataki a tsakiya da na san Malam yana da dabararsa, sau ɗaya ya fara nuna min a kan murfin kwali, aka kira ni taro. In na je na tambaye shi, ko da ido zai nuna min inda na kauce. Amma tana can.

Gobe in Allah Ya so. Ko jibi, in na warware matakin nan, in je masa da babi a hannu.

Asabar, da hantsi

Inna ta kira.

Lahadi, da yamma

Jama'a ba iyaka a zaman makokin Malam. Har waɗanda suka yi masa dariya a da, waɗanda suka rage, sun zo da sandunansu. Kowa ya riƙe hannuna yana cewa ni ne babba yanzu, in yi haƙuri, in riƙe gidan.

Ita ce a zaune kusa da Inna a ciki. Da na shiga gaisuwa Inna ta dube ni ta ce, "Ka zo." Shi ke nan abin da ta ce. Na durƙusa, na rasa inda zan sa idona. A kan ɗan teburinsa na falo kofuna biyu suna kife.

Talata, da safe

Ban iya rubutu ba jiya.

Alhamis, da azahar

Sai-an-zauna ya ce ajin 'yan shekarar farko ya daɗe ba malami, in karɓa. Wannan kam bai jira an zauna ba.

Da hannuna na goge allon. Na bar layin nan zuwa ƙarshe, sannan na goge shi. Na tambayi ɗalibai inda suka tsaya, suka ce an gama "da", an gama "ba". Na ce to, yau "ko".

Darasin nan ko cikin barci zan iya yin sa. Na ja jadawali, na ce a ɗauki magana biyu a haɗa su da "ko". In duka ƙarya ne, haɗin ƙarya ne. In ɗaya gaskiya ce, haɗin gaskiya ne. Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in duka biyun gaskiya ne fa? Ai 'ko' zaɓi ne."

Na yi dariyar da nake yi duk shekara, domin duk shekara sai wani ya tambaya. Na ce, "A kasuwa zaɓi ne. A ɗakin nan ba zaɓi ba ne. Wanda ya rubuta littafinku ya yi shekaru yana faɗa a kan wannan. 'Ko' ɗinsa ba ta korar kowa: wannan, ko wancan, ko duka biyun. In yana nufin a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, sai ya ƙara da 'amma ba duka ba'. Bai taɓa mantawa ba, ko a gida, ko a kan shayi da..."

Na tsaya. Allin yana hannuna.

Bai ce "amma ba duka ba". Ina tsaye a gaban gadon, na ji da kunnena. Kalma uku ya faɗa, ya rufe baki.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon allo ba. Na ji wani yana cewa, "Malam, lafiya?" Na ce su kwafe jadawalin, na fita.

Alhamis, bayan magariba

Tana ofis. Na tsaya a bakin ƙofa kamar ɗalibin da ya makara. Allon yana nan yadda na gan shi, hagu fayau.

Na ce, "Auta, wancan ɓangaren..."

Ta ce, "Naka ne, Yaya. Tun ranar da muka dawo daga asibiti na raba shi."

Na ce na ɗauka maƙalewa ta yi. Ta ce ta maƙale mana, ai ba ta ma gwada ba, me zai sa ta gwada alhali mai shi yana ofishi na uku? Sannan ta ƙura min ido, na ga lokacin da abin ya faɗo mata.

"Yaya, kar dai ka ce min... Kai fa ka koya min 'ko' a shekarar farko. Har maki biyu ka rage min a kanta."

Na ce murmushin nan fa, a gaban gadon?

"Da Shugaba ya ce Malam ya bar zaɓi? Na ɗauka dariyarsa muke yi tare." Muryarta ta karye. "Ni duk zatona ka gane. Na ɗauka ni ce ba ka son aiki da ni, na rasa laifin da na yi."

Na tambaye ta yatsun. Da ban tambaya ba. Ta ce yakan ɗaga biyu, ya dube ta, sannan ya juya ido ya dubi ƙofa. Kullum. Ranar da aka kawo ledar lemo ya ƙi barin a rufe ƙofar har aka kunna fitilu.

Ta miƙo min alli. Na rubuta zuwa daga sama har ƙasa, hannuna bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da na kai ƙarshe, layina na ƙarshe ya faɗa daidai bakin layinta na farko. Matakin nan da ya hana ni sakat yana can a ɓangarenta, layi huɗu, da irin dabarar murfin kwali. Ya fi abin da zan iya kyau. Na faɗa mata, ta ce na Malam ne.

Maman yara ta tambaye ni ko yanzu kishin ya wuce. Na ce mata a'a, kuma wannan karon ban musa sunansa ba. Auta ta gane nufin Malam tun a bakin gadon, ni sai da ɗaliba ta tambaye ni. Babin kam za mu raba, sunana da nata a shafi ɗaya. Makonnin nan na gefen gadonsa kuwa nata ne ita kaɗai, kuma ni na ba ta su da hannuna.